Yadda Ake Lissafin Kuɗin Haɗa Injin Turbo Mai Ƙarfin Doki 600

Mai son sa wa motarsa turbo, wato abin da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru, farashin turbon yake fara tambaya. A cikin duk kuɗin da za a kashe kuwa, da ƙyar turbon ke cin kashi ɗaya cikin goma. Sauran yana tafiya ne kan abin da zai sa injin ya jure: cikin inji, mai, kwamfuta, sanyaya da giya. Saboda rashin sanin haka ne za ka ga mota ta shekara a gareji an lulluɓe ta da tamfol, ga turbo sabo dal a kwali, kuɗin ƙarasawa sun ƙare.

Zan yi lissafin a kan injin Toyota 2JZ, mai silinda shida a jere, lita uku, bulon ƙarfen zubi. Shi ne a cikin Supra ta 1993 zuwa 2002, kuma ɗan'uwansa marar turbo yana cikin Lexus GS300 da IS300 da ke yawo a titunanmu. Farashin zan faɗa da dala, domin kayan daga Amurka da Japan suke zuwa. Ƙiyasi ne na sabbin kaya na asali, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastam ba. Sai ka juya shi zuwa naira ko sefa da canjin ranar da za ka biya.

Kayan aiki

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka tabbata garejin da za a yi aikin yana da waɗannan: sifana mai auna ƙarfin ɗauri wadda ba ta saki ba, maikiromita, ma'aunin faɗin silinda, filageji, zaren Plastigauge na auna tazarar metal, zarton gyara bakin ringi, gejin kwamfireshan, teburin ɗora inji mai juyawa, laftof, da littafin gyaran injin na Toyota, inda aka rubuta ƙarfin ɗaurin kowace ƙusa. Idan babu su, ka ware dala 500 zuwa 900 ka saya. Bakaniken da ya ce maka hannunsa ya san ɗauri, ba ya buƙatar ma'auni, yana iya zama gwani a injin tasi, amma ba a wannan aikin ba.

Ka kuma tanadi littafi da biro. Kowane kaya ka rubuta farashinsa, kuɗin kawowa, da ranar da ya iso. Sai ɗaki mai rufi da za a iya kulle shi, domin ƙurar hunturu idan ta sauka a kan metal ɗin da aka shafa wa mai, ta zama yashi a cikin inji.

1. Ka yanke adadin ƙarfin da kake so, ka tsaya a kai

Wannan lambar ita ce ke zaɓa maka kowane kaya. Injin 2JZ-GE marar turbo yana bada doki kusan 220. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ana auna matsin iska da ma'aunin da ake kira ba (bar), kuma iskar da muke shaƙa tana da matsin kusan ba guda, wato psi 14.5. Idan turbo ya ƙara ba guda, iskar da ke shiga ta ninka, ƙarfin ma ya kusa ninkawa, ya kai doki 420 zuwa 440. Doki 600 yana neman ƙarin ba 1.6 zuwa 1.8.

Kuɗin ba ya hawa daidai da ƙarfin. Doki 400 ana iya samunsa ba tare da an taɓa fistan ba, da dala 7,000 zuwa 10,000. Doki 600 yana cin ninki biyu zuwa uku na wannan. Doki 1,000 kuwa ya wuce dala 40,000 cikin sauƙi, kuma motar ta daina zama ta zuwa ofis. A ganina, mai farawa ya tsaya a 400 zuwa 450. Mota mai wannan ƙarfin ta riga ta fi ƙarfin yawancin direbobi da yawancin hanyoyi. Amma tunda 600 ake yawan nema, a kansa zan ci gaba.

Ka kuma tambayi mai sayar da kaya ko lambar da ya faɗa ta inji ce ko ta taya. Tsakaninsu akwai asarar kusan kashi 15 cikin ɗari a giya da aksul.

2. Zaɓen inji

2JZ iri biyu ne. GTE shi ne mai turbo daga kamfani: matsin kwamfireshan ɗinsa, wato sau nawa fistan ke matse iska a silinda, 8.5 ne, yana da bututun fesa mai a ƙarƙashin fistan, gasket ɗinsa mai kauri ne, kuma cikinsa yana ɗaukar doki 600 ba tare da an buɗe shi ba idan lafiyayye ne. Matsalarsa tsada. Samun mai kyau ƙasa da dala 5,000 ya yi wuya yanzu. GE shi ne marar turbo, matsinsa 10 zuwa 10.5, kuma ana samun na Baljiyam a Ladipo a Legas, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a kan ɗan kaso na kuɗin GTE.

A nan akwai tarkon da ke cin mutane. GE na 1998 zuwa sama, mai VVT-i (tsarin da ke canja lokacin buɗewar bawul), konrod ɗinsa, wato sandunan da ke haɗa fistan da karanshaf, sirara ne, suna lanƙwashewa idan an wuce doki 400 da kaɗan. Duk IS300 irinsa gare ta. GE na GS300 ta 1993 zuwa 1997 shi ne mai konrod masu kauri. Idan 400 kake nema ba tare da buɗe inji ba, tsohon ka nema. Idan dama za ka canja fistan da konrod, sayi mai VVT-i, domin bulon da karanshaf ɗin masu ƙarfi ne, kuma VVT-i yana taimaka wa turbo ya tashi da wuri.

A wurin saye, ka cire filogi duka shida ka duba su, ka buɗe murfin mai ka leƙa ko akwai baƙin dasƙararren mai, ka juya karanshaf da sifana ka ji ko yana tafiya sumul. Idan mai kaya ya yarda, a haɗa batir da kik a gwada kwamfireshan. Silinda shidan su zo kusa da juna, kada bambancin ya wuce kashi goma cikin ɗari.

3. Cikin inji: dala 3,700 zuwa 6,500

Fistan na ƙira, irin na CP-Carrillo, Wiseco ko JE, dala 800 zuwa 1,100 guda shida. Ka zaɓi masu matsi 8.5 zuwa 9. Konrod na Manley ko Brian Crower, 600 zuwa 1,000. Metal na ACL ko King, 150 zuwa 250. Ƙusoshin ARP na tof silinda da na karanshaf, 350 zuwa 500. Gasket na GTE mai hawa-hawa na ƙarfe, sil-sil, famfon baƙin mai, famfon ruwa da taimin bel, 600 zuwa 900, kuma na Toyota na asali. Sifirin na bawul da sil ɗinsu, 400 zuwa 700. Kamshaf na asali ya isa doki 600, ka ajiye kuɗinsa.

Sai aikin mai borin, dala 800 zuwa 2,000. Wannan wurin ya fi ko'ina wuya a wajenmu. Kada a yi borin sai fistan ɗin sun iso hannunka. Faɗin silindar 2JZ milimita 86 ne, ana yawan buɗe shi zuwa 86.5, kuma kowane kamfanin fistan yana sa takarda a kwali mai faɗin tazarar da za a bari tsakanin fistan da bango. Fistan na ƙira yana kumbura da zafi fiye da na asali. Idan mai borin ya yi masa tazarar da ya saba yi wa Corolla, zai kama bango a tafiyar farko mai zafi. Ka kai masa fistan da takardar, ka tsaya a auna a gabanka. Fuskar bulo da ta tof silinda kuma sai an goge su sun yi santsi sosai, domin gasket na ƙarfe ba ya rufe kaushi.

Bakin ringi shi ma aunawa ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ka sa ringin a silindarsa, ka danna shi da kan fistan ya daidaita, ka zura filageji. Na sama yakan nemi kusan milimita 0.45 zuwa 0.50 a injin turbo, amma takardar kamfanin ita ce gaba. Idan tazarar ta yi kaɗan, zafi zai sa bakunan biyu su haɗu, ringin ya rasa wurin miƙewa, ya ɓalle gefen fistan. Aikin awa biyu ne da zarto, ba ya cin ko sisi, kuma tsallake shi yana cinye injin gaba ɗaya.

2JZ yana da ƙananan rauni da aka sani: fulin gaban karanshaf robarsa tana rabuwa idan ya tsufa, ƙarfen da ke riƙe da mai ɗaure taimin bel yana tsagewa, sil ɗin gaba kuma yana iya fitowa. Ka canja su yanzu da injin ke ƙasa.

Idan kuɗi bai kai ba: bar fistan da konrod na tsohon GE, ka sa gasket na GTE da ƙusoshin ARP kawai. Kaurin gasket ɗin yana sauke matsin zuwa tara da ɗan wani abu. Sai ka haƙura da doki 400 zuwa 450.

4. Turbo da abokan tafiyarsa: dala 3,500 zuwa 7,000

Turbo mai faɗin baki milimita 60 zuwa 64, kamar Precision 6266 ko makamancinsa na Garrett da BorgWarner, dala 1,300 zuwa 2,500. Kada ka sayi babba don kawai ya cika ido. Turbon doki 1,000 a kan injin 600 ba zai tashi ba sai inji ya kai juyi 5,000 a minti, ka ga a cikin gari motar ta fi ta asali nauyin jiki.

Manifol ɗin hayaƙi 500 zuwa 1,500. Ramukan tof silindar GE da na GTE ba ɗaya ba ne, ka duba wanda aka yi wa naka. Wesget, wato bawul ɗin da ke zubar da rarar hayaƙi don kada matsin ya wuce iyaka, 350 zuwa 500, na Tial ko Turbosmart. Shi kam ban yarda a sayi jabu ba ko kaɗan, domin ran da ya maƙale a rufe, matsin zai haura ba birki. Bawul ɗin sakin iska 200 zuwa 300. Intakula, mai sanyaya iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga inji, da bututunta 500 zuwa 1,000. Salansa mai faɗin inci uku zuwa uku da rabi, 500 zuwa 1,000, kuma a nan mai walda na gida da ya iya waldar agon zai rage maka kuɗi sosai.

Tiyon baƙin mai na turbo kuɗinsa kaɗan ne, 150 zuwa 250, amma kuskure a nan ya yi yawa. Man da ya shiga turbo ba famfo ke mayar da shi ba, gangarowa yake yi da kansa. Dole tiyon dawowa ya zama mai faɗi, ya miƙe ƙasa ba lanƙwasa ba hawa, ya shiga saman inda man ke tsayawa. A GE sai an huda masa wuri, kuma a cire kaskon a huda a waje, a wanke tas. Idan tiyon ya kwanta, man zai taru ya bi ta sil ɗin turbo, mota ta riƙa shuɗin hayaƙi, a ce turbo ne ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Turbon kwafi na China na dala 300 yana aiki na wani lokaci a ƙaramin matsi. Haɗarinsa, idan fankarsa ta fashe, ɓaraguzan ta intakula za su bi zuwa cikin injin da ka kashe wa dubbai. Gara ka nemi Holset na hannu, irin HX35 ko HX40 na injinan gas na Cummins, ka sa masa sabon kit.

5. Mai: dala 1,350 zuwa 2,250

Lissafin nozul kowa zai iya yi. Injin turbo yana shan kusan laba 0.6 na fetur a awa kan kowane doki. Doki 600 ya zama laba 360. Raba shida, 60. Ba a son nozul ya yi aiki fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, sai ka raba da 0.8, ya zama 75. Ninka da 10.5 don juya laba a awa zuwa cc a minti, ka samu kusan cc 790. Don haka nozul na cc 1,000 za ka saya, kamar na Injector Dynamics, dala 700 zuwa 950. Famfon mai na Walbro 450, ɗaya ko biyu, 150 zuwa 400. Regileta, layin nozul, tiyo da matata, 500 zuwa 900. Famfon a ja masa waya mai kauri kai tsaye daga batir ta hanyar rile, domin siririyar wayar asali tana rage masa wuta daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Abin da zai taka maka birki na gaskiya shi ne ingancin fetur. Idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar man da ke silinda yana fashewa da kansa maimakon ya ƙone a hankali. Za ka ji ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wani lokaci ma ƙarar salansa ta rufe ta. Idan ka cire filogi za ka ga ɗige-ɗigen baƙi a farin alin, ko ƙananan ƙwayoyin alminiyom masu sheƙi. Wannan alminiyom ɗin daga kan fistan ya fito. Masu manyan lambobi a Amurka yawancinsu E85 suke sha, man da yawancinsa etanol ne, wanda ba ya saurin fashewa. Mu ba mu da shi a gidan mai, fetur ɗinmu kuma octane ɗinsa, wato juriyarsa ga wannan fashewar, ba mai yawa ba ne, yau da gobe ma ba iri ɗaya ake samu ba. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40.

Mafita ita ce kit ɗin fesa ruwa da metanol, rabi da rabi, dala 400 zuwa 700 a kan lissafin sama. A haɗa shi da kwamfuta yadda idan tankin ya ƙare, matsin zai sauka da kansa. Idan ba za ka iya wannan ba, ka tsaya a matsin ba guda ko ƙasa da haka a kan fetur zalla.

6. Kwamfuta da saiti: dala 2,600 zuwa 5,800

Birenbos na asali, wato kwamfutar motar, bai san turbo ba. Za ka buƙaci wanda ake saitawa, irin Haltech, Link, MaxxECU ko ECUMaster, dala 1,000 zuwa 2,000. Wayarin 500 zuwa 1,500. Sensa na matsin iska, zafin iska, matsin mai, matsin baƙin mai, da na auna gaurayar iska da fetur a hayaƙi, 400 zuwa 700. Kwayil 200 zuwa 400. Filogi masu sanyi kamar NGK BKR7E, a matse bakinsu zuwa milimita 0.6 ko 0.7.

Ka zaɓi mai saiti kafin ka zaɓi kwamfuta, sannan ka sayi wadda ya ƙware a kai. Ladansa dala 500 zuwa 1,200. Mutane suna kashe dubu ashirin a ƙarfe, su zo nan su fara neman ragi, kuma nan ne ake kashe inji cikin daƙiƙa biyar. A cikakken totur ana son gaurayar ta tsaya wajen 11.5 na iska kan ɗaya na fetur. Ka roƙe shi ya sa kariya: idan matsin baƙin mai ya faɗi, ko mai ya yi ƙaranci, ko zafi ya haura, kwamfuta ta yanke wuta.

Idan babu daino, wato injin auna ƙarfin mota a tsaye, kusa da kai, ana yin saitin daga nesa. Kai ka ɗauki bayanan tafiya da laftof ka aika, shi ya gyara ya dawo maka da shi, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan. Mutum biyu ake yi, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon allo, a filin da aka killace, ba a hanyar da jama'a da dabbobi ke tsallakawa ba.

7. Sanyaya, giya da birki: dala 5,600 zuwa 10,100

Lagireto na alminiyom, fanka masu ƙarfi da kular baƙin mai, 600 zuwa 1,100. Kada a cire tamostat, kuma a zuba ruwan lagireto na gaske, ba na rijiya ba.

Giyar otomatik ta GS300 da IS300 ba ta ɗaukar doki 600, W58 ta hannu ma haka. V160 ta Supra tana ɗauka, amma kuɗinta ya kai na wata motar. Yawanci ana ɗauko CD009 ta Nissan 350Z, ko R154, ko ZF 8HP ta BMW. Da faranti mai haɗa ta da inji, kuloci mai faifai biyu idan giyar hannu ce, da sabon furofela, 3,500 zuwa 6,500. Birki da tayoyi masu kyau, 1,500 zuwa 2,500, kuma su nake so a fara sawa tun kafin turbo ya hau.

8. Tara lissafi da tsarin saye

Idan ka haɗa matakai na uku zuwa na bakwai, za ka samu kusan dala 17,000 zuwa 32,000. Ba a sa kuɗin injin kansa ba, ba motar, ba ladan bakanike da rewaya. Ka ɗora kuɗin jirgi da kwastam, ka tambayi wakilin fito da kaya adadinsu kafin ka yi oda, domin intakula da giya nauyi da girma gare su. Bayan haka ka ƙara kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na abin da ba a zata ba: kilif, ƙananan mahaɗan tiyo da kowanne ke cin dala 15 ko 20 kuma ana buƙatar talatin, bargon zafi, kayan da suka zo ba daidai ba.

Idan kuɗin ba za su zo lokaci ɗaya ba, ka bi wannan jerin: birki da taya, sai kwamfuta da wayarin a saita motar tana marar turbo, sai mai, sai giya, sai turbo a ƙaramin matsi na rabin ba. A haka motar tana tafiya a kowane mataki. Cikin injin ka haɗa shi a wani bulo daban a gefe, ran da ya kammala a sauke tsohon a ɗora sabon.

9. Tashin farko

Cire filogi, kashe famfon fetur, ka yi ta kik har gejin baƙin mai ya nuna matsi, kuma ka ga mai ya iso turbo. Sannan a mayar da filogi a tada. Wani ya tsaya da abin kashe gobara, wani ya zagaya da tocila yana neman yoyo. Ka yi amfani da baƙin mai na gargajiya a farko don ringi su zauna, ka zubar da shi bayan awa ɗaya na aiki, ka yanka matatar ka baje takardarta a rana. Ɗan ƙyalli mai laushi ba komai ba ne a sabon inji, amma gutsuren jan ƙarfe na nufin metal na ci, a tsaya nan take. Kilomita 800 zuwa 1,000 na farko a yi su da sifirin ɗin wesget mafi laushi, ana hawa ana sauka da totur, ba a barin mota tana silo na tsawon lokaci. Bayan nan a sake gwada kwamfireshan, a zuba baƙin mai na roba (synthetic) mai kyau, sai a kai ta wurin mai saiti ya fara ƙara matsi.